Bandar Kifin Tawada

A shekarar da aka ɗauke kujerar mulki daga Legas aka dire ta a Abuja, umarni ɗaya aka ba kowace ma'aikata: a tattara a taho. Ba a ware kowa ba. Har wata 'yar cibiyar gwamnati da aikinta kaf nazarin halittun teku ne, ita ma aka ce ta naɗe tabarmarta ta biyo ayari. To don Allah me mai nazarin teku zai zo yi a garin da sai ka wuni ka kwana a mota kafin ka ga ruwan gishiri? Babu wanda ya tambaya. Aka dai yi ta loda kabad da fayil a manyan motoci.

Cikin kayan cibiyar akwai wata doguwar firiza fara, wadda ƙato zai miƙe a cikinta bai taƙura ba. Ita aka damƙa wa Yahuza.

Yahuza mutumin Yawuri ne, Basarke ɗan Basarke, masunci gaba da baya, a cikin kwalekwale aka yaye shi. Da kamu ya ja baya a wajensu sai ya gangara Legas, ya samu aikin dako a sito na wannan cibiya, wata takwas ke nan. Mutum ne mai gaskiya, ko allura ka manta a wurinsa za ka dawo ka tarar. Aibinsa ɗaya: in dai maganar kifi ake yi, to kowa ɗalibinsa ne. Ka rufe masa ido ka miƙa masa kifi, da shafa kawai zai ce maka wannan ƙarfasa ce, wannan ragon ruwa, wannan tarwaɗar tabki ce ba ta gulbi ba. Kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya sa ba a iya ja da shi ke nan.

Abin da ke cikin firizar kuwa ko a mafarki ba a taɓa ganin irinsa a Yawuri ba. Ma'aikatan cibiyar suna ce masa sikwid. Yahuza ya ce bakinsa ba zai wahala ba, ya raɗa masa kifin tawada, saboda baƙin ruwan da yake fesowa in ya ji tsoro. Ba ƙaya, ba ɓawo. Jikinsa kamar safa, hannuwa takwas a ka da wasu dogaye biyu, idanu ƙato-ƙato, baki irin na aku a ɓoye tsakanin hannuwan. Guda ɗari uku da sittin ne a firizar, kowane a ledarsa, da 'yar takarda a ciki.

Na Dokta Rosemary ne. 'Yar Kalaba ce amma tashin Sabon Garin Kano, Hausa a bakinta har da su zaurance. Shekara biyu ta yi tana bin jiragen masunta cikin teku kowane wata, tana amai tana aiki, tana ɗebo goma sha biyar. So take ta nuna wa manya watannin da wannan halitta ke zuba ƙwai, don a hana manyan jiragen da ke share teku da ragar kamun kifi shiga ruwa a lokacin. Saura mako uku a yi zaman da za ta gabatar da hujjarta a Abuja. Iyakar abin da Yahuza ya sani ke nan, domin ɗakin da take fiɗa da auna-aunenta bai taɓa wuce bakin ƙofarsa ba.

Ranar tafiya ta zo gindin motar da kanta, ta ɗora hannu a kan murfin firizar.

"Malam Yahuza, mutum huɗu aka kawo mini, na ce kai nake so. Ni sai ran Laraba zan iso. Amana ce na ba ka, kada ka bari su lalace. Kuma abin da nake so ka gane game da su shi ne..."

"Haba Dokta!" Ya katse ta yana dariya. "Ni za a yi wa karatun kifi? Ki kwantar da hankalinki. Yadda kika ba ni haka za ki same su, in ma ba su fi haka ba."

Direba ya danna ham. Ta buɗe baki, ta dubi jerin motocin da ke jira a baya, sai ta yi murmushi ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ran Juma'a da hantsi suka shiga Idu, a gefen Abuja. Idun lokacin ba ta yanzu ba ce: daji ne da katafila ta yayyage, sai rumbunan ajiya na kwano tsilli-tsilli. Rumbun da aka ba cibiyar an kafa masa turakun wuta tsaf, waya ce kawai ba a ja ba. Aka sauke firiza, aka jona ta da ɗan janareton da suka taho da shi, motoci suka juya. Aka bar Yahuza da maigadin wurin, wani dattijo Bakatsine mai suna Saleh, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Saleh ya leƙa firizar sau ɗaya ya ja da baya. "A'uzu billahi! Malam, wannan abin ci ake yi ko tsafi?"

"Ilimi ake yi da shi," in ji Yahuza, yana rufe murfin a hankali.

"To Sarkin Ruwa, Allah ya ba da sa'a. Ni dai kada ya fito mini."

Ran Asabar da safe janareto ya yi tari sau uku, ya tusa baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Kuma bazara ce, irin wadda kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai saboda zafi. Yahuza bai zauna ba, wannan kam a shaide shi. Ya taka har bakin titi, ya roƙi wani direban tifa ya kai shi Wuse, ya jawo bakanike. Bakanike ya kwance, ya girgiza kai, ya ce abin da ya ƙone sai an aika Kaduna. Ya je sabon ofishin cibiyar ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ko fenti bai gama bushewa ba, balle a yi maganar tarho. Ya zaga ya samo ƙanƙara bulo biyu, kafin ya iso Idu da su a bayan akori-kura sun koma rabi, kafin la'asar sun koma ruwa.

Ran Lahadi da ya ɗaga murfin, wani baƙin ruwa ya gani kwance a ƙasan firizar. Ya ɗauko leda ɗaya ya danna da babban yatsa, naman ya lotsa. Ya kai hanci. Bai juya ba tukuna, amma shi ya san saura wuni ɗaya. Laraba kuwa tana can nesa. Ya tsuguna a gefen firizar yana jin muryar matar nan a kunnensa, kada ka bari su lalace.

Sai ya miƙe. Kai, shi fa ɗan gidan banda ne! Ubansa ya yi bandar giwan ruwa ta kai Onica ba ta yi tsutsa ba. Kifi ya lalace a hannunsa yana kallo? Ai ko a lahira ba zai iya haɗa ido da tsohon ba.

Nan da nan ya samo ganguna biyu wajen magina aka fasa masa su, Saleh ya aro ragar waya, ya tare matan Gwari masu ɗaukar itace a kafaɗa ya zaɓi ƙirya busasshiya. Ya wasa wuƙarsa ya zauna. Duk wanda ya taɓa banda ya san ciki ne ke fara ruɓewa, don haka ciki ake fara fitarwa. Ya kama kan na farko ya ja, sai ga kan ya taho da hanji da jakar tawada da komai a haɗe, sumul, kamar dama jira yake. Yahuza har da murmushi. Ya yanke hannuwan daga ƙasan ido ya ajiye, ya jefa guntun kan da kayan cikin a bokiti, tun da ido ne kawai da ruwa da yauƙi. Waɗansu ya tarar da cikinsu fal da wani abu mai kamar dafaffiyar shinkafa, ya gane ƙwai ne, ya kankare shi tas. Ya zare wani siririn abu mai kamar roba daga bayan kowane. Ya wanke, ya barbaɗa gishiri, ya jera.

Bokiti huɗu na kawuna da kayan ciki suka tara. Shi da Saleh suka haƙa rami a gefen rumbu suka juye suka binne, don kada wari ya tarbi Dokta. Ledojin da 'yan takardun kuwa duk sun jiƙe sun yi baƙi. Yahuza ya ɗaga ɗaya ya ga lambobin boko, ya ce ai na ƙirga ne, shi kuwa ya riga ya ƙirga da kansa. Ya share su wuri ɗaya, da suka sha iska ya cinna musu wuta.

Kwana biyu yana kan gangunan nan, wuta ƙasa-ƙasa, yana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ai kuwa banda ta yi kyau! Ta fito jawur tana sheƙi, ƙamshi har bakin titi. Leburorin da ke gini a maƙwabta suka yi ta zarya suna haɗiyar yawu. Saleh da kansa, mai a'uzu billahi, ya dawo yana lallaɓa.

"Sarkin Ruwa, ɗan hannu ɗaya mana. Hannu goma gare shi, wa zai gane?"

"Ko ƙwayar gishirin da ke jikinsa ba zan ba ka ba. Amana ce."

Shi kansa bai ɗanɗana ba. Ya jera su a babban kwando, ya lulluɓe da sabon buhu, ya wanke firizar ya bar ta a buɗe ta bushe.

Ran Laraba da azahar Dokta Rosemary ta iso cikin motar haya, da atamfarta mai kyau, ko masauki ba ta biya ba. Yahuza ya tarbe ta cikin wankakken kaftani. Ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba ta wuce ciki, ta tsaya a kan firizar da ke buɗe wayam.

"Malam Yahuza, ina suke?"

"Janareto ne ya mutu tun ran Asabar, Dokta. Amma kada ki damu." Ya jawo kwandon gabanta, ya yaye buhun da ƙarfi yadda za ta gani da kyau. "Ɗari uku da sittin cif. Ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Wannan ko shekara zai yi."

Ta daɗe tana kallon kwandon. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta leƙa cikinsa. Fayau, babu komai.

"Ina kan?"

"Kan ai ba ya banduwa, Dokta, ruwa ne zalla. Na cire."

"Duka?"

"Duka."

Ta nemi wani kwali ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. A hankali ta yi maganar, tana kallon ƙasa.

"A cikin kan nan, bayan ido, akwai wasu 'yan duwatsu biyu, ba su kai ƙwayar gero ba. Kullum ta Allah sai zobe ɗaya ya ƙaru a jikinsu. In na sa a madubin ƙara girma na ƙirga zoben, zan san kwanansa nawa a duniya, in koma baya in san ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Halittar nan shekara ɗaya take yi, Malam Yahuza. Ta zuba ƙwai sau ɗaya ta mutu. In aka kwashe ta kafin ta zuba, shi ke nan, baɗi babu. Duwatsun nan da ƙwan da ke cikinsu su ne hujjata. Naman kuwa zubar da shi nake yi."

Yahuza ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi tun daga ka. Abin da ta fara faɗa masa ke nan a gindin mota ya toshe mata baki da dariya. Wayyo, shi da ya ce ba za a yi masa karatun kifi ba! Ya kwana biyu yana ƙona fuska a kan abin da take jefawa a shara, ya haƙa rami da hannunsa ya binne shekara biyunta. Kunya ta kama shi tun daga tafin ƙafa, har wankakken kaftanin ya ji yana yi masa nauyi.

"Takardun da ke cikin ledojin fa?" Ta ɗago kai. "Su ne ke nuna watan da aka kama kowane da inda aka kama shi."

Saleh ne ya ɗaga hannu a sanyaye ya nuna mata tokar da ke bakin ƙofa.

Ta rufe ido. Can ta ce, "Ku nuna mini ramin."

Yahuza ya ce, "Dokta, kwana uku fa ke nan, ga zafin nan..."

"Ku nuna mini."

Yahuza ne ya tone. Warin da ya taso sai da ya kori leburorin da suka fara taruwa, suka koma nesa suka toshe hanci suna leƙe. Babu kai babu ido, duk ya narke ya zama baƙin kwaɓi guda. Matar nan ta sa Saleh ya aro mata rariya wajen mai tuwon magina, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa a bakin ramin da atamfarta. Tana ɗiba da hannu tana zubawa a rariya, Yahuza yana tsiyaya mata ruwa daga buta, tana tsintar wasu 'yan fararen ƙwayoyi tana sawa a murfin kwalba.

"Dokta, in an same su duka, zai yi?" Yahuza ya tambaya.

"Wannan na watan Janairu ne ko na Yuli?" Ta ɗaga ƙwaya ɗaya a kan yatsa. "Ni ma ban sani ba. Ba zai yi ba. Na dai kasa barin su a nan ne."

Suna cikin haka, wajen la'asar, sai ga motar shugaban cibiyar, Oga Edward, ya zo duba kayan da aka sauke. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ya yi zaman Kaduna, yana jin Hausar bariki. Ya fito ya toshe hanci da hankici, ya ga babbar ma'aikaciyarsa durƙushe a cikin ƙazanta.

Yahuza ya ajiye butar ya matso. "Yallaɓai, ni ne na..."

Dokta ta riga shi. Da Turanci ta yi maganar don kada Yahuza ya ji, amma wata takwas a Legas sun ishe shi ya tsinci abin da take cewa. Ta ce samfurin ya lalace gaba ɗaya. Ta ce ita ce ba ta ba da cikakken bayani ba, ita ta zaɓi wanda zai rako kayan, laifin nata ne ita kaɗai. Oga Edward ya yi tsaki, ya ce to sai a cire maganarta daga zaman, jirage su ci gaba da aikinsu yadda suka saba, ita kuma ta jira takardar tuhuma a teburinta. Ta ce ta ji.

Yahuza ya kasa jurewa. Ya zube a gaban Oga. "Yallaɓai, wallahi ba ita ba ce. Ta so ta faɗa mini na hana ta. Ni na yanke, ni na binne, ni na ƙona. Ni za a kora."

Oga Edward ya dube shi kamar yanzu ya lura akwai mutum a wurin, sai ya yi dariya. "Tashi, tashi, baba. Kai lebura ne, wane laifi kai za ka yi? Me ka sani? An ce ka ɗauki kaya, ka ɗauka." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya yana shinshina iska. "Amma wani abu yana ƙamshi a cikin sito nan."

Ya shiga, ya ga kwandon, ya yagi hannu ɗaya ya jefa a baki. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ƙara yagar wani.

"Kai! Wane ne ya yi wannan?"

Ya waigo ya dubi Yahuza.

"Kai ne, baba? Ka iya aiki! Madam ɗina za ta yi murna. Tun da ba shi da amfani a ofis, sa mini a but ɗin mota."

Yahuza ya juya ya dubi Dokta. Tana nan durƙushe, ba ta ɗago ba, tana karkaɗa rariya.

"Kai masa, Malam Yahuza," ta ce. "Ba ni da abin yi da shi."

Ya ɗauki kwandon. Ya sha ɗaukar buhun da ya ninka shi nauyi, amma daga ƙofar rumbu zuwa motar nan ji ya yi kamar dutse ya ɗauko. Dole ta gefen ramin zai wuce, ya rungume kwandon ya kare fuskarsa da shi. Da ya sa a but ya rufe, Oga Edward ya dafa kafaɗarsa, ya juya shi ya fuskanci leburorin da ke tsaye.

"Ku ga ma'aikaci! Babu wuta, babu firiza, amma ko kifi ɗaya bai bari ya ruɓe ba. Ku tafa masa!"

Suka tafa, har da masu fito. Dokta tana jin su daga bakin ramin. Yahuza ya tsaya da kansa a ƙasa, yana roƙon Allah ƙasa ta tsage ya shige. Oga yana jiran amsa, hannunsa na nan a kafaɗarsa, sai Yahuza ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Na gode, yallaɓai," in ji shi.

Ya yi shekara goma sha tara yana aiki a cibiyar bayan wannan rana, kuma bai taɓa yafe wa kansa wannan godiyar ba.